Ni Na Buɗe Musu Ƙofa

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Baban yara da yaran duka. Yaya Inna da ciwon gwiwarta? Ki gaishe min da ita. Mu ma jikinmu ƙalau, ni da Maman Biyu da 'yan biyun, hankali ne dai ba a kwance ba.

Za ki yi mamakin ganin takarda daga wurina. An karɓe wayoyinmu ne, mu ma'aikatan gidan ruwa gaba ɗaya, sabis kuma an ɗauke shi a garin tun ranar Laraba. Direban nan mai kai siminti wajenku ya ce zai kawo miki. Yana bakin ƙofa yanzu haka, shi ya sa rubutun ya zama kamar tonon kaza.

Ranar Talata da safe muna ɗakin kula da injuna, ni da Dogo abokin aikina. Wajen ƙarfe tara sai na ga kibiyar kwamfuta tana yawo da kanta, hannuna kuwa yana riƙe da kofin shayi. Na ce, "Dogo, kai ne?" Ya ce, "Ni da nake nan ina ɗaure takalmi?" Allon yana nuna komai daidai, amma injin da ke zuba maganin tace ruwa ya canja kuka. Shekara goma sha ɗaya ina jin kukan injin nan, na san shi kamar tarin Inna. Na ba kwamfuta umarnin ta tsayar da shi, ta ƙi. Muka ruga waje muka kama babban makullin ruwa, wanda ake juyawa da hannu, muka yi ta juyawa har tafin hannuna ya fashe.

Ashe tun da sassafe maganin yake kwarara fiye da kima, ruwan ya riga ya shiga unguwa uku. Kafin azahar asibiti ya cika da masu ƙunar baki da maƙogwaro, da jarirai da aka yi wa wanka fata ta saluɓe. Mutum tara sun rasu, shida yara ne. A cikinsu akwai 'yar Dogo, shekararta huɗu. Wasu da ba a san su ba sun fitar da sanarwa a intanet cewa su suka yi, daga nesa, kuma za su ƙara.

Yaya, abin da ke cin raina shi ne, ni na buɗe musu ƙofa. Zan yi miki bayani a hankali, direba yana ta danna hon. Don Allah kada Inna ta ji.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso ranar Asabar. Muna lafiya. Gwiwar Inna da sauƙi, har tana fita tsakar gida ba sanda. Ka gaida Maman Biyu, ka shafa min kan yaran. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya ba abokin aikinka haƙuri.

To, yanzu ka saurare ni. Wace irin magana ce za ka jefo min ka gudu? Ka buɗe musu ƙofa kamar yaya? Su wa? Na karanta layin nan ya fi sau ashirin. A ranar na yanka yadin wata mata a karkace, abin da ban taɓa yi ba tunda na hau keken ɗinki.

Ba zan ɓoye maka ba, kafin takardarka ta zo an riga an turo min wata murya a waya. Mutum ne yake cewa shi ma'aikacin gidan ruwa ne, ya gaji da zalunci, ya haɗa kai da mutanen nan. Auta, muryarka ce. Har wannan "to, ka ga" da kake sawa a tsakiyar magana. Na ce ƙarya ne, na ce yanzu ana haɗa muryar kowa da na'ura. Na yi faɗa da maƙwabciyata a kan haka har muka daina gaisawa. Sai ga takardarka da rubutun hannunka.

Ni na goya ka. Na san ba ka iya yanka kaza sai ka kawar da kai. Amma na kuma san yadda ka yi ta ƙorafi bara da aka tsallake ka aka ba wani ƙarin girma, da yadda ka koma zaman waya kana hira da mutanen da ba ka taɓa gani ba. Shaiɗan ba ya sallama in zai shiga. In an yaudare ka ne, faɗa min. In tsoratar da kai aka yi, faɗa min. Ko me ka yi, ka faɗa min da bakinka kafin in ji a bakin duniya.

Na nuna wa Baban yara takardar, don kaina ya kasa ɗauka ni kaɗai. Inna ba ta sani ba tukuna. Na ce mata wayarka ce ta faɗa ruwa, ta ce ai dama kai da ruwa ba ku rabuwa.

Ka ba direban amsa a wannan zuwan.

Yayarka

*

Auta,

Sallama da gaisuwa. Jikinmu lafiya, in ban da Inna da abinci ya daina shiga. Ban san yadda kuke ba, kuma wannan shi ne ciwona. Yau kwana goma sha tara da aiko maka takarda, ba amsa. Direba ya zo sau biyu hannu rabbana. Ya ce gidanku a rufe yake, tagogin a farfashe, maƙwabta kuma ba mai son a gan shi yana magana da shi. Wannan takardar ya ce zai kai gidan surukanka.

Akwai abin da zan faɗa maka, kuma da ƙasa za ta tsage in shige da ya fi min sauƙi. Ranar da na nuna wa Baban yara takardarka, ashe ya ɗauki hotonta ya tura wa wani abokinsa da ya karanci shari'a, wai ya ba mu shawara. Abokin ya tura wa ƙaninsa. Daga nan ba wanda ya san hanyar da ta bi. Kwana biyu tsakani sai ga ta a wayar kowa. Sun yanke sama, sun yanke ƙasa, sun bar layi ɗaya tal da sa hannunka, suka zagaye shi da jan layi, suka manna hotonka na ranar aurenka a gefe. Inda ka ce hannunka ya fashe wajen rufe ruwa, ba wanda ya gani.

Na ce wa Baban yara, "Amanar da na ba ka ke nan?" Ya ce, "Wallahi taimako na yi niyya." Na ce, "Ai taimakon ya kai inda za shi." Tun ranar a ɗakin Inna nake kwana.

Masu kawo min ɗinki sun zo ɗaya bayan ɗaya sun kwashe yadukansu, har wadda na yi wa rabin riga ta ce in ba ta haka nan. Babbar 'yata ta dawo daga makaranta tana kuka, wai an ce kada kowa ya sha ruwa a gorarta. Zagin da ake min a waya ya sa na cire layina na karya shi, Baban yara ma ya kashe nasa. Inna kuwa a bakin mai kawo mana gawayi ta ji. Ba ta yi kuka ba. Ta ce a kunna mata muryar, na ƙi, ta rantse sai an kunna. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Muryarsa ce, amma ba ya numfashi a inda yake numfashi."

Shirunka yana kashe ni. Wata rana in ce fushi kake da ni, kuma ka yi gaskiya. Wata rana in ce kunya ce ta hana ka, wato ka aikata. Wata rana in ce ba ka da rai. Ko zagi ne ka aiko min, in dai da hannunka.

Yayarka

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina raye, kuma lafiyata ƙalau, sai rama. Maman Biyu da yara suna gidan iyayenta, ba abin da ya same su. Ita ta kawo min takardunki biyu jiya, yau za ta fita da wannan. Ina tsare a hannun masu bincike tun ranar da hoton nan ya fita. Sun riga mutanen gari isowa gidana da kamar rabin sa'a, kuma da ba su riga su ba da yanzu ta'aziyya ake miki. Maman Biyu ta bi ta katangar baya da yaran, ɗaya a goye ɗaya a kafaɗa.

Ga ƙofar da na buɗe. Wata huɗu kafin abin, wani saƙo ya shigo kwamfutar aiki da sunan Injiniya, shugabanmu, wai sabon jadawalin aiki ne, in buɗe in sa kalmar sirrina in tabbatar na gani. Na yi jim, don an sha gargaɗinmu. Ba a yi minti biyar ba wayar tebur ta yi ƙara, muryar Injiniya ce, da faɗansa da komai: "Kai kullum sai an bi ka? Buɗe ka sa hannu ina jira." Na ce, "To, ranka ya daɗe." Na buɗe, na sa. Shi ke nan, Yaya. Ba Injiniya ba ne, yana hutu ma a ranar. Daga wannan lokacin suna cikin injunanmu suna kallonmu, suna koyon aikinmu, mu muna shan shayi.

Wadda ke binciken mace ce, ba ta da yawan magana. Ta ajiye min takardu ta nuna min cewa mutum goma sha ɗaya aka tura wa saƙon, huɗu muka buɗe, kalmar sirrina ce aka yi amfani da ita don ni nake da izinin taɓa injin magani. Muryar da kika ji kuwa, daga saƙonnin da nake tura wa zauren abokan makaranta aka tsinto ta aka harhaɗa. Na tambaye ta don me. Ta ce, "Guba ta kashe tara. Suna son sauran garin su kashe junansu." Ta ce ba ta ga alamar na san su ba, amma sai bincike ya ƙare.

Na karanta inda kika ce Shaiɗan ba ya sallama. Ban yi fushi ba, amma na daɗe ina kallon bango. Idan ke da kika goya ni kin tsaya kina aunawa, me zan ce da wanda ya binne ɗansa? Laifin alƙalamina ne, na rubuta rabin magana. Ki koma ɗakinki, Baban yara bai yi don mugunta ba. Shi ya danna ya tura, ni na danna na buɗe, wa zai yi wa wani gori?

An kawo Dogo nan sau ɗaya ya ba da shaida. Ya faɗi gaskiya, ya ce tare muka rufe ruwan, ni na fara jin kukan injin. Da zai fita na ce, "Dogo, ya haƙuri?" Ya tsaya, bai juyo ba, ya ce, "Da ka tambayi Injiniya tukuna." Ya wuce. Duk tambayoyin da aka yi min a ɗakin nan ba wadda ta kai wannan.

Ki karanta wa Inna takardar nan duka, kada ki tsallake komai.

Auta

*

Auta ƙanina,

Alhamdu lillahi. Da direba ya miƙo min takardar na ga rubutunka, a bakin ƙofa na zauna na karanta ta. Muna lafiya. Ka gaida Maman Biyu, ka ce mata na sara mata, mace ce.

Ka yafe min. Ba ni da abin da zan kare kaina da shi. Na ga layi ɗaya na gina gida a kansa, daidai da mutanen da nake zagi.

Na karanta wa Inna sau biyu. Da na zo wurin "To, ranka ya daɗe," sai ta ce, "Ladabin da na koya masa ne ya ci shi." Ta ɗan ci abinci a ranar. Amma ba zan rufe ka ba, jikinta ya saki. Ƙafafunta sun kumbura, numfashi yana yi mata wuya in ta kwanta. Likita ya ce zuciya ce. Kullum takardarka tana ƙarƙashin matashinta, ita da ba ta iya karatu ba.

Na koma ɗakina, tunda ka ce. Baban yara ya ɗauki cikakkiyar takardarka ta farko ya bi shaguna yana nuna wa mutane da hannu, don ya rantse ba zai ƙara tura komai ba. Wasu su karanta su yi shiru, wasu su ce ai mu muka sake rubuta ta. Ƙarya ta tafi a jirgi, gaskiya tana bin ta a ƙafa da takalmi ɗaya.

Har yanzu ba mu da waya a gidan nan, kuma na ga ba mu mutu ba. Ranar da aka sake ka, ka kamo hanya.

Yayarka

*

Yaya,

Sallama da fatan alheri. Yaya jikin Inna? An sake ni yau kwana goma sha biyu. Na so in aiko tun ranar, direba ne motarsa ta lalace. Muna wani ɗaki da ƙanin Maman Biyu ya samar mana a bayan gari, yara suna lafiya. Sharaɗin da aka sa min shi ne kowace safiya in je ofishin masu bincike in sa hannu, kuma kada in bar garin sai da izini da ƙwaƙƙwaran dalili. An fitar da sanarwar cewa ba ni da hannu. A shafi na shida aka buga ta, ƙasan tallan katifa.

Shekaranjiya na tsaya sayen sabulu, mai shagon ya juyo min da wayarsa ya ce, "Ka ga azzalumin nan? Wai sun sake shi." Hotona ne. Bai gane ni ba, don ramar da gemun. Na ce, "Allah Ya kyauta," na karɓi sabuluna.

An dawo min da wayata, kuma a kanta nake son tambayarki. Makon jiya an kira ni da muryar lauyana, wai in same shi a bayan tashar mota ni kaɗai. Na bi ta ofishinsa tukuna, na tarar da shi a zaune, bai san zancen ba. Mai binciken ta ce kada in ƙara yarda da murya, ko ta wace ce, akwai masu neman su fito da ni inda ba mutane.

To jiya Litinin da hantsi wata baƙuwar lamba ta kira ni. Muryarki ce, Yaya, tana kuka, wai Inna tana asibiti tana kirana, in taho yanzu yanzu. Har na miƙe zan fita. Amma na tuna kin ce ba ku da waya. Na daure na ce, "In ke ce, me Baba yake kirana da shi ina ƙarami?" Sai muryar ta hau faɗa, wai wace irin tambayar banza ce wannan a irin wannan lokaci. Na sake tambaya, ta kasa. Na kashe. An yi ta kira, ban ɗauka ba. Na gwada tsohon layinki da na Baban yara, duk a rufe.

Na gaya wa mai binciken, ta ce na yi daidai, kuma ba za ta ba ni izinin tafiya a kan kiran waya ba. Na san na yi daidai. Amma tun jiya ina ta duba lambar nan. Ki dubi rashin imanin mutanen nan, har da ciwon uwa suke farauta. Ki rubuto min cewa Inna tana nan tana faɗan gwiwarta, in samu in yi numfashi.

Auta

*

Auta,

Assalamu alaikum. Ni da yara da Baban yara muna nan da rai. Takardarka ta iso yau Juma'a.

Ni ce, Auta. Ni na kira ka. Wayar wata ma'aikaciyar jinya na ara, a barandar asibiti. Sau tara na kira bayan ka kashe, har matar ta ce in ba ta abarta za ta shiga aiki.

Inna ta rasu ranar Laraba da la'asar. Da ka taso ranar Litinin da ka same ta, har da kwana guda a kai. Ba don in ƙona maka rai na faɗa ba. Na san za ka lissafa da kanka, gara ka ji daga gare ni. Na so in turo Baban yara ya ɗauko ka, amma ba mu san inda kuka koma ba, direba kaɗai ya sani, shi kuma yana hanya.

A ranar Litinin ɗin na yi fushi da kai irin wanda ban taɓa yi ba. Na koma ɗakin na ce mata, "Inna, ɗanki ya ce bai san muryata ba." Na ɗauka za ta yi kuka. Sai ta ce, "Madalla. Ya yi hankali. Kada ki ƙara kiransa, kada su kama min shi a hanya." Ranar Talata ta ce in gaya maka ta yafe maka duniya da lahira, kuma wai ka je ka sake yi wa abokin aikinka ta'aziyya, ko zai kore ka sau goma. Ba ta sha wahala sosai ba a ƙarshe. Tana ta kallon ƙofa dai, ba zan yi maka ƙarya ba.

Yau da na karanta takardarka fushin ya tafi, ban san abin da ya maye gurbinsa ba. Ka yi abin da aka ce ka yi. Wancan karon ka yarda da murya, mutum tara suka tafi. Wannan karon ka ƙi yarda. Ni ban san me mutum zai yi ba kuma.

Na sa takardar asibiti a cikin wannan, mai hatimi, ka kai wa mai binciken nan ta ba ka izini. Ka zo da Maman Biyu da yaran. Akwai mutanen da suka ƙi zuwa mana gaisuwa, akwai kuma waɗanda ban zata ba suka zo, har maƙwabciyar da muka yi faɗa, ita ta kwana biyu tana mana wanke-wanke.

Tambayar da ka yi min kuwa, wallahi a lokacin ko sunana ka tambaye ni ba zan iya faɗa ba. Sai jiya, bayan mutane sun watse, ina naɗe tabarmi, ta faɗo min. Sarkin Tambaya. Haka Baba yake kiranka.

Ka zo, Auta. Ni ce.

Yayarka